Abincin Gidanmu a Kwanon Indiyawa

Wani abokinmu ɗan Mayahi ne ya samu ƙarin girma a wurin aiki, ya ce sai ya kai mu gidan abincin Indiyawa a Yamai mu taya shi murna. Yawancinmu ƴan Tasawa ne da Mayahi, kuma abin da muka sani game da Indiya bai wuce fim ba, sai baburan Bajaj da ƴan kabu-kabu ke hawa. Mun tafi da shirin cin abin da ido bai taɓa gani ba.

Aka jera ƙananan kwanonin ƙarfe masu sheƙi a tsakiyar tebur. A na farko wani ɗan'uwan wake ne aka dafa har ya narke ya zama miya, aka soya albasa da tafarnuwa da kayan ƙamshi a man shanu aka kwarara a kai, suna ce masa dal. A na biyu ɗanyar kuɓewa ce, an yanka ta manya-manya, an soya har yauƙin ya tafi. Ga wata ƴar miya mai duhu, tsami da zaƙi, ta dangwala samosa. Harshe na taɓa ta ka san tsamiya ce. Abin sha kuwa kindirmo ne aka kaɗa da sukari da ƙanƙara. Babban cikinmu, wanda ya tashi yana noma a Gulbin Kaba, ya yagi gurasa mai zafi da hannun dama, ya kwalfo miyar, ya tauna a hankali, sannan ya dubi mai gayyar ya ce, "Ƙanena, wanga ai abincin gidanmu ne aka yi wa wanka."

Da mai gidan ya zo gaishe mu, sai ya ƙara mana wani abin mamakin. Ya ce gurasar alkama ce muke ci, amma a ƙauyukan Rajastan, inda ƙasa take rairayi kuma ruwan sama ba shi da yawa, gurasar yau da kullum ta gero ce. Bajra suke kiransa.

Geron nan kuwa daga wajenmu ya je musu. Masu binciken tarihi sun tono shaidar nomansa a kwarin Tilemsi, a arewacin Mali, tun kimanin shekara 4,500 da suka wuce, kuma daga Afirka ya ƙetare teku ya isa Indiya. Wake ma haka, tsamiya ma haka. Su kuma suka ba mu zogale, wanda yau babu kasuwar da za ka shiga a jihar Maraɗi ka rasa mai tallar kwaɗonsa. A halin yanzu babu ƙasar da ta kai Indiya noman gero a duniya, Nijar kuma tana cikin ƴan sahun gaba.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne yadda aka gabatar da abincin. Dal cimar talaka ce a Indiya, ita ake ci safe da yamma a gidan da ba a ganin nama. Amma ga ta a kwano mai tsabta, da sunanta rubuce a takarda, da farashinta, mai kawo ta yana yi mana bayaninta da fara'a, babu alamar yana jin ya ba baƙo abin raini. Kuɗin da abokinmu ya biya a daren nan (bai bar kowa ya sa hannu a aljihu ba, kamar yadda aka saba) da sun auno tiya mai yawa ta hatsi a kasuwar Mayahi. Kuma mun biya da daɗin rai.

Mu kuwa fa? A yi baƙo daga birni a wani gida a Kanembakashe ko Urafan, rumbu cike da hatsi, sai ka ga an tashi yaro da gudu ya sayo shinkafa ko taliya a kanti, wani lokaci ma bashi. In ba a samu ba, uwargida ta kawo tuwo da miyar kuka tana ba da haƙuri, "A yi maneji, abin da ya samu ke nan." A wurin biki tuwo na bayan gida ne, na tsofaffi da masu aikin girki, shinkafa ce ake fitowa da ita gaban mutane. Matar da ta yi surfe, ta sheƙe, ta wanke, ta kai niƙa, ta tankaɗe, ta tuƙa, ita ce kuma take neman gafara a kan aikin hannunta. Wannan yana ci mini rai ƙwarai.

Su ma Indiyawan sun taɓa bin wannan hanyar. Tun daga shekarun 1960, da gwamnatinsu ta ba da ƙarfi ga alkama da shinkafa, gero ya koma abincin ƙauye, mutanen birni suka juya masa baya. Daga baya suka farga. Indiya ce ta kai shawara Majalisar Ɗinkin Duniya har aka ware 2023 a matsayin shekarar gero da danginsa, kuma a taron G20 da aka yi a Delhi a watan Satumba na shekarar, abincin da aka yi da dangin gero yana cikin abin da aka ajiye wa shugabannin ƙasashe. Hukuma ce ta tashi tsaye, masu girki suka bi, sannan masu saye suka dawo.

A waccan shekarar ce kuma muka ga hatsarin dogaro da tukunyar wani. Ranar 20 ga Yuli 2023 Indiya ta hana fitar da farar shinkafar da ba basmati ba, ranar 26 aka yi juyin mulki a Yamai, CEDEAO ta ƙaƙaba takunkumi, iyakar Benin da ta Najeriya suka rufe. Buhun shinkafa ya yi tashin gwauron zabi. Gidan da ke da damman hatsi a rumbu ya fi samun barci.

Sai dai a faɗi gaskiya, ba kunya kaɗai ta kai mu ga shinkafa ba. Sauƙi ne. A wanke ta a ɗora, kafin rabin awa ta nuna, itace kaɗan, ba turmi ba taɓarya. Matar da ke tallar ƙosai da safe, ta je rijiya, ta yi dawainiyar yara, babu adalci a ce mata ta koma daka don kishin gargajiya. Duk mai son gero ya dawo gaban baƙo sai ya fara rage wa mata wahalarsa.

Ta fuskar iri an yi nisa. Cibiyar binciken noma ta ICRISAT, wadda hedkwatarta take kusa da Haidarabad a Indiya, tana da reshe a Sadore kusa da Yamai, kuma a 2018 aka fito da irin geron Chakti a Nijar, mai saurin nuna da yawan sinadarin ƙara jini. Inda aka bar mu a baya shi ne tsakanin rumbu da kwano. Ana bukatar injin surfe da na niƙa a kusa da gida, da gari mai tsabta wanda ba tsakuwa, a ƙulle a leda da sunan ƙungiyar matan da suka sarrafa shi, da busasshen dambu da garin ɗanwake da za a dafa cikin mintuna.

Mutanen Tasawa sun riga sun san yadda ake wannan, domin sun yi shi da nama. Motar Damagaram ba ta wuce garin fasinja bai sauka ya sayi kilishi ba, a naɗe masa a takarda ya kai tsaraba har Yamai yana faɗin inda ya sayo shi. A gefen waɗannan mahautan akwai wurin da mace ɗaya mai jari kaɗan za ta kafa rumfa da benci, da ruwan wanke hannu da sabulu, ta sayar da fura da nono mai sanyi, da ɗanwake da man gyaɗa da yaji, da tuwon hatsi da miyar ɗanyar kuɓewa, a kwano mai murfi, ta rubuta sunan kowanne da kuɗinsa a allo.