Maki Biyu Tun Daga Ciki

A wasan Dungeons & Dragons kowa na ƙirƙirar jarumin da zai taka, kuma a da jinsin jarumin ne ke ƙara masa maki ko ya rage. Wani littafin wasan na 2016 ya ba jinsin orc ƙarin maki biyu na ƙarfi, ya zaftare masa biyu na basira. A 2020 aka soke ragin.

Wasu sun ce ai tatsuniya ce. Mu da ke rubuta manhaja mun san lamba ba ta kafa kanta: wani ne ya zauna ya yanke cewa wannan halitta daƙiƙiya ce tun daga ciki.

Dokokin 2024 sun ɗora makin a kan tasowa da sana'a. Mun yi murna, har muka duba shafin manomi: ƙarfi, juriya, hikima. Babu basira.