Zafin Ɗaki: Alhakin Wa?

Akwai tambayar da na daɗe ina juyawa a raina: idan ɗaki ya zama tanda a watan Maris da Afrilu, alhakin zafin nan a wuyan wa yake? Za ki ce ai rana ta Allah ce. Haka ne, amma fa ginin na mutum ne.

Dubi gidajen hayar da suka cika Samaru tun bayan buɗe Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, ko na Sabon Gari da suka taso a gefen tashar jirgin ƙasa. Bulo siriri, kwano a sama babu silin, taga ɗaya kamar ta kurkuku. Kwanon ya sha rana tun hantsi ya juye miki ita a ka, bulon kuma ya riƙe zafin har tsakar dare. Maigida ya fice tun safe, ke da yara ku ne a ciki, ga ƙurajen zafi, ga rashin barci.

Kakanninmu ba haka suka yi ba. Da tubali da azara suke ginin soro, bango mai kauri wanda zafi ba ya ratsa shi sai a hankali, da rana ɗaki ya yi sanyi, da hunturu ya yi ɗumi. Masallacin Juma'a na birnin Zazzau da Babban Gwani ya gina da ƙasa zamanin Sarki Abdulkarimu ya haura shekara 170 ana salla a ciki, kafin wani sashensa ya rufta a Agustan 2023, Allah ya ji ƙan waɗanda suka rasu.

Ba wai ina cewa a rushe gidajen bulo a sake gini ba. Masana sun ce sarrafa siminti kaɗai ke fitar da kusan kashi 8 cikin 100 na iskar kabon da ke ɗumama duniya. Gyara ya fi rushewa. Ko a Ingila da Jamus tsofaffin gidajensu suke bi suna lulluɓe bango da rufi don kada sanyi ya shiga, su rage ƙona gas. Mu kuwa zafi za mu tare.

To amma me muke yi? Sai a tayar da janareta a kunna fanka, alhali tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 kowa ya san yadda fetur ya koma. Sannan hayaƙin ina za shi? Tagar maƙwabciya mai jego, wadda ba ta da ko fankar. Kin sayi sanyi da kuɗinki, ita ta biya da ƙirjinta. Sauran ya hau sama ya ƙara wa duniya zafi, mu dawo muna kukan damina ta canza hali, kamar ambaliyar 2022 da ta ci rayuka sama da 600 a ƙasar nan. Haƙƙin maƙwabci bai tsaya a miƙa tuwo ta katanga ba.

Na san wata za ta ce, "Ni 'yar haya ce, in gyara gidan wani?" Maganarki dutse. Mai gidan ba shi ke kwana a ciki ba, shi ya sa bai damu ba. A ganina wanda ke karɓar kuɗin haya shi ne da babban alhaki, don ɗaki ya bayar, ba tanda ba. In ya ce ba shi da hali, maigidanki ya zauna da shi gaban shaidu, ku gyara a cire a kuɗin haya.

Ke kuma da gidan naku ne, ba ki da uzuri. Kwasar adashi ɗaya da za ta tafi a anko, wallahi za ta fara miki silin. A shafa wa kwano farin fenti ya riƙa mayar da rana, a fasa taga ta biyu daura da ta farko iska ta ratsa, a dasa dalbejiya ta yamma, a sauya murhun duwatsu uku da mai cin itace kaɗan. Da sannu-sannu kwana nesa.

Gida dai na mace ne, ita ke wuni a ciki, don haka kada ki ji nauyin tayar da maganar nan, cikin ladabi, bayan maigida ya ci ya ƙoshi. Allah ya sanyaya mana ɗakunanmu da zukatanmu, amin.