Halal Ne, Amma Ka Fita Haƙƙin Mai Saye?

Akwai tambayar da ya kamata mu 'yan kasuwa mu yi wa kanmu: idan abin da ke cikin shagonka halal ne, shi ke nan ka fita haƙƙin mai saye?

Indomi halal ce, haka lemon kwalba da dunƙulen magi. Amma malamai sun karantar da mu cewa inda Alƙur'ani ya umarce mu da cin halal, ya haɗa shi da ɗayyib, wato mai kyau, wanda ba ya cutarwa. Jiki kuma amana ne, za a tambaye mu a kansa.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce gishirin babban mutum a yini kada ya kai giram 5, kimanin ƙaramin cokali ɗaya. To ga gishiri a miya, ga magi, ga ƙullin da ke cikin ledar indomi. Kwalbar lemo ɗaya kuwa tana iya ɗauke da suga wajen ƙaramin cokali tara. Daga 2022 gwamnati ta fara karɓar harajin naira 10 a kan kowace lita ta irin wannan lemo. Yawan gishiri kan jawo hawan jini, shi kuma ba ya sallama, sai dai a ji wane ya faɗi, ɓarin jiki ya shanye.

Abin mamaki, muna zaune a Kafanchan, ƙasar acca da citta. Daga nan da Kachia da Jaba ake lodin citta zuwa ƙasashen waje, mu kuma mu sayi zaƙi a kwalba. Maƙwabtanmu na noma acca, ga daddawa, ga zogale, ga yakuwa a kasuwa.

Wani zai ce, “Malam, ai ba dole na yi wa kowa ba.” Gaskiya ne. Ita ma uwar da ke dafa wa yara indomi ba ragguwa ba ce: gawayi ya yi tsada, acca na son surfe da rairaya, ga makaranta da sassafe. Ba a ɗora wa talaka laifin tsadar rayuwa.

Sai dai wanda ya sani ba ɗaya yake da wanda bai sani ba. Babba ya zaɓa da hankalinsa. Yaron da aka ba kuɗin tara fa? In ka san dattijo na da ciwon suga, ya miƙo kuɗin lemo, shirunka ciniki ne ko cin amana? Addini nasiha ne, kuma nasiha ba ta tsaya a mumbari ba.

Ban ce a rufe shaguna ba. A ajiye gyaɗa da dabino kusa da biskit. A rage magi a ƙara daddawa. A dama kunun acca ko sau biyu a mako, zoɓo da citta a sassauta musu suga. Wanda ya haura arba'in ya je a auna jininsa.

Allah Ya sa wa kasuwarmu albarka, Ya ba mu lafiya mai amfani. Amin.