AMANAR BARCIN JARIRI A GIDAN RAINO



Godiya ta tabbata ga Allah da ya sanya barci ya zama hutu ga bayinsa. Tsira da aminci su tabbata ga Annabin rahama, da alayensa da sahabbansa.

'Yan uwa, yau nasihata a kan masu rainon 'ya'yan mutane take, da iyayen da ke kai musu. Gidajen rainon yara sun yawaita a garuruwanmu, a makarantu da asibitoci da ma'aikatu, har da cikin unguwanni. Uwa za ta miƙa jaririnta da safe ta wuce aiki, sai la'asar ta dawo. Mafi yawan wannan lokacin barci yaron yake yi. To wa ke lura da yadda yake kwance?

Bayar da raino ba baƙon abu ba ne a Musulunci. Manzon Allah (SAW) kansa Halimatus Sa'adiyya ce ta shayar da shi. Ɗansa Ibrahim kuma a hannun Ummu Saif yake, matar wani maƙeri a gefen Madina. Anas bin Malik (RA) ya ba da labari, kamar yadda Muslim ya ruwaito, cewa Annabi yakan taka har gidan, ya ɗauki yaron ya sumbace shi, sannan ya dawo. Ku duba fa: shugaban al'umma ne, ga ɗawainiya a kansa, amma bai ce tunda an biya mai raino shike nan ba. Da ƙafarsa yake zuwa ya gani. Uba nawa ne a cikinmu ya taɓa leƙa ɗakin da ake kwantar da ɗansa?

Akwai abin da likitoci ke kira mutuwar fuju'a ta jarirai. A kwantar da yaro lafiya lau, a zo ɗaukarsa a tarar rai ya yi halinsa. Ta fi faruwa tsakanin wata 2 zuwa wata 4, kuma mafi yawanta kafin wata 6 ne. Yanzu ku haɗa wannan da hutun haihuwa a Najeriya: dokar ƙwadago mako 12 ta bayar, ma'aikatan gwamnatin tarayya kuma mako 16. Kun ga ke nan daidai lokacin da hatsarin ya fi yawa, a lokacin ne uwa ke komawa aiki ta miƙa shi ga wata.

Wani bincike da aka wallafa a Amurka a shekarar 2000 ya gano cewa kusan 1 cikin 5 na irin wannan mutuwa a hannun masu raino take faruwa, da yawa kuma a makon farko da kai yaron. Babban abin da aka lura da shi: yaron da ya saba kwanciyar rigingine a gida, sai mai raino ta kifa shi rub da ciki don ya daɗe yana barci. Jikinsa bai saba ba, wuyansa bai yi ƙwarin da zai ɗaga kai ya nemi iska ba.

A Ingila an fara gangamin kwantar da jarirai rigingine a 1991, a Amurka a 1994. Cikin 'yan shekaru wannan mutuwa ta ragu da fiye da rabi a ƙasashen biyu. Ba sabon magani aka samo ba, kwanciya kawai aka gyara.

Na san wani zai ce, Malam, ai ajali ne, in kwana ya ƙare ko a ina ne sai an tafi. Gaskiya ne, babu ran da zai wuce lokacinsa. Amma Annabin da ya koya mana imani da ƙaddara, shi ne ya umarci balaraben ƙauye ya ɗaure raƙuminsa sannan ya yi tawakkali. Shi ne ya yi umarni a kashe wuta idan za a kwanta, bayan wani gida ya ƙone da mutanensa da dare a Madina. Shi ne ya yi gargaɗi a kan kwana a saman soron da ba shi da katanga. Riƙo da sababi a wajen barci sunna ce tabbatacciya. Idan an ja kunnen babba mai hankali, ina ga jaririn da ko janye mayafi daga hancinsa ba zai iya ba?

Ga abubuwan da nake roƙon kowace mai raino da kowace uwa ta riƙe:

1. Rigingine, kowane barci, dare da rana, har ya cika shekara 1. Wata za ta ce ai sunna kwanciya a ɓangaren dama ce. Haka ne, hadisin Barra'u bin Azib ya tabbatar da ita, amma ga wanda zai iya juya kansa. Jariri ba mukallafi ba ne, kuma idan aka kwantar da shi a gefe, da sauƙi yake mirginawa ya kife. Rub da ciki kuwa, Abu Dawud da Tirmizi sun ruwaito hani a kanta ko ga babba. Masu tsoron kada ya ƙware da tumbuɗi, ku sani idan yana rigingine hanyar iska ce a sama, hanyar abinci a ƙasa, abin da ya taso ya fi saurin komawa ciki. Idan ya kai yana juyawa da kansa gaba da baya, a kwantar da shi rigingine a bar shi ya zaɓi yadda yake so.

2. Shimfiɗa mai tauri, a miƙe, ba mai gangara ba. Katifar da fuskarsa ke nutsewa a ciki ba ta jariri ba ce. Kujerar falo kuwa tana cikin wurare mafi hatsari. Idan gado ne mai sanduna, kada tazarar da ke tsakaninsu ta wuce santimita 6, don kada jikinsa ya zurare kansa ya maƙale.

3. Babu filo, babu bargo mai kauri, babu 'yar tsana, babu leda a kusa da shi. Mu a ganinmu taushi gata ne, amma shi ne ke toshe numfashi. A cire duk wani zare ko igiya da ke wuyansa kafin ya kwanta.

4. Kowane yaro da makwancinsa. Jera jarirai huɗu a katifa ɗaya, ko haɗa ɗan wata 3 da ɗan shekara 2, ganganci ne. Babban zai juya ya danne ƙaramin bai ma sani ba.

5. A kula da zafi. Muna da al'adar naɗe jariri da hula da safa da shawul ko a watan Afrilu. Ki taɓa ƙirjinsa ko bayan wuyansa, idan yana gumi a rage kaya. A hunturu a ƙara masa riga maimakon a lulluɓe shi har ka. Idan goyo ne, kada hijabi ko mayafi ya rufe masa fuska.

6. Babu hayaƙi a ɗakin. Taba, turaren wuta, gawayi, maganin sauro mai hayaƙi, duk a fitar. Janareta a nisanta shi daga taga da ƙofa, domin iskar da yake fitarwa tana kisa ba tare da an ji warinta ba. Maganin sauro shi ne gidan sauro, a ɗaure shi sama a cusa gefensa da kyau yadda ba zai faɗo a fuskar yaro ba.

7. Kada a jingina masa fida a baki a tafi wani aiki. A riƙe shi a ba shi, ya yi gyatsa, sannan a kwantar.

8. Ido a kansu. Ɗakin barci ba wurin da za a ja ƙofa a koma kan waya ba ne. A bar haske daidai yadda za a ga fuska, a riƙa zagayawa duk bayan minti 10 zuwa 15 ana duba numfashi.

Sai kuma wanda ya fi tayar mini da hankali: ɗura wa yaro maganin mura ko na tari don ya yi barci a huta da kukansa. Ki ji tsoron Allah, baiwar Allah! Wannan ha'inci ne tsagwaronsa. Irin waɗannan magunguna suna iya danne numfashin ƙaramin yaro. Bai halatta ki sa wa ɗan wani komai a baki ba da sanin iyayensa da umarnin likita ba. Annabi (SAW) yakan taƙaita sallah idan ya ji kukan yaro, don tausayin uwarsa. Kuka tausayi yake nema, ba a kashe bakinsa da ƙwaya ba.

Yaran da suka tasa su ma suna da haƙƙi. Ɗan shekara 1 zuwa 2 yana bukatar awa 11 zuwa 14 na barci a yini da dare, ɗan shekara 3 zuwa 5 kuma awa 10 zuwa 13. A ware musu lokacin ƙailula, tabarma ko katifa mai tsabta, ɗaki mai iska, ba tsawa ba duka. Wanda barci bai zo masa ba a bar shi ya zauna shiru, kada a tilasta shi da bulala. Jarirai kuma idan suna farke, a riƙa kifa su na ɗan lokaci ana kallonsu, hakan na ƙarfafa wuya, yana kuma hana ƙeya bajewa.

Ku masu gidajen raino, hadisin Ibn Umar da ke Bukhari da Muslim ya nuna kowannenmu makiyayi ne, kuma za a tambaye shi a kan abin da aka ba shi kiwo. Kada kwaɗayin kuɗin wata ya sa ku karɓi jarirai 15 ku bar wa yarinya ɗaya. Malaman fiƙihu sun kawo mas'alar mai barcin da ya juya ya danne yaro ya mutu a babin kisan kuskure, mai diyya da kaffara, kamar yadda hukuncin ya zo a Suratun Nisa'i aya ta 92. Idan wannan ne hukuncin wanda barci ya ɗauke, to yaya wanda idonsa biyu ya yi sakaci?

Ku kuma iyaye, ku biya mai raino haƙƙinta a kan lokaci, ku mutunta ta. Wadda aka hana albashi, aka tara wa aiki, ba za ta iya tsayuwa a kan ɗanku yadda kuke so ba. Ranar farko ku shiga ɗakin barcin ku gani da idonku, ku danna katifar da hannu, ku tambaya yara nawa ke hannun mutum ɗaya. Ku faɗa a fili cewa ɗanku rigingine yake kwana. Haka za ku faɗa wa kaka da 'yar aiki a gida, cikin ladabi. Kunyar minti ɗaya ta fi nadamar shekaru sauƙi.

Wadda kuma Allah ya jarrabe ta da rasa jariri a cikin barci, 'yar uwa, ba don in tayar miki da miki na yi wannan rubutu ba. Akan kiyaye komai kuma abin ya faru. Annabi (SAW) ya zubar da hawaye a kan Ibrahim, bai faɗi abin da zai saɓa wa Ubangijinsa ba. Allah ya sa mai ceto ne, ya mayar miki da alheri.

Mu riƙa yi musu addu'ar tsari irin wadda Annabi ke yi wa Hasan da Husaini, mu kuma gyara shimfiɗa. A tura wannan ga duk mai rainon da kuka sani.

Allah ya raya mana zuri'a bisa imani da lafiya, ya ba mu ikon riƙe amana. Wallahu a'alam.