Tafiyar Da Ba Kasuwa A Ƙarshenta



A bakin Bahaushe kalmar yawo ba ta da mutunci. In aka ce yaro ya cika yawo, an zage shi ke nan, har an ɗan taɓa tarbiyyar gidansu. In aka ce mace mai yawo ce, to magana ta ƙare. Tafiya kuwa muna girmama ta, amma sai in akwai wani abu a ƙarshenta: kasuwa, gaisuwar mutuwa, biki, bin bashi, neman karatu, ko ɗakin Allah. To ga tambayar wannan Juma'ar. Mutumin da ya ɗaura takalmi ya fita bayan gari, ya hau dutse ya sauko, bai saya ba bai sayar ba, bai gaida kowa ba, tafiya ya yi ko yawo? Ya ci ribar yininsa ko zubar da shi ya yi?

Abin da ya kawo maganar wasu hotuna ne da ke zagawa a wayoyin samarinmu: baƙaƙen fata da Musulmi a Ingila da Amurka, kowa da jaka a baya, suna hawan duwatsu cikin sanyi. Ba wasa suke yi ba, ƙungiyoyi ne da su. A Amurka wata baƙar fata, Rue Mapp, ta fara Outdoor Afro a 2009 don ta jawo 'yan'uwanta su fita daji da tsaunuka. A Ingila, Rhiane Fatinikun ta kafa Black Girls Hike a 2019 a yankin Manchesta, kuma daga jin sunan kun san da maƙwabtanmu yake kama. Shekara guda bayan haka, lokacin kullen korona, Haroon Mota na garin Kobentiri ya fara Muslim Hikers. Ranar Kirsimeti ta 2021 ya ja mutum sama da ɗari, maza da mata masu hijabi, suka hau wani tsauni da ake kira Mam Tor. Da hotunan suka hau Facebook sai zagi ya biyo baya: me ya kawo waɗannan nan, za su ɓata mana wuri. 

Daga nan za a gane dalilin da ya sa sai an lallashi baƙar fata kafin ya fita. Ba ƙafa ya rasa ba. A jihohin kudancin Amurka, har zuwa dokar 'yancin jama'a ta 1964, wuraren shaƙatawa da yawa an raba su, nan na farare, can na baƙaƙe, wasu ma ba shiga sam. Daji kuwa a tunanin kakanninsu wurin da ake rataye mutum ne a bishiya ba mai tambaya. Uban da ya taso da wannan tsoron ba zai kai ɗansa ba, ɗan ma ba zai kai nasa ba, har a wayi gari kowa ya ɗauka hawan dutse ɗabi'ar Bature ce tun asali.

Mu nan Sabo, abin da muka fara yi da hotunan dariya ce. Aikin ƙoshi, in ji wasu. Kuma dariyar tana da hujja, kada mu raina ta. Mu za a koya wa tafiya? Kakanninmu fatake da ƙafa suke tashi daga Kano da jakuna, ɗauke da kanwa da fatu da tufafi, su yi watanni kafin su isa Salaga a ƙasar Gwanja, su juyo da goro. Wasu da ƙafa suka nufi Makka ta Borno da Wadai da Darfur har bakin Bahar Maliya, tafiyar shekaru, waɗanda guzuri ya yanke musu suka zauna, ga jikokinsu can Sudan suna jin Hausa har yau. Ita kanta unguwar nan da aka yanka mana a 1916, matafiya ne suka cika ta. Yau ma ɗan garuwa da mai wankin takalmi da mai tallan agogo da mai turin baro a Bodija, in aka auna abin da suke takawa daga safe zuwa magariba, da yawa cikin masu jakar bayan nan sai su sallama. Wanda ya yini a haka ka ce masa ranar hutu ya zo a hau dutse, ai neman faɗa kake yi. Shi haƙƙin jikinsa tabarma ce da inuwa, kuma wannan takarda ba da shi take ba.

Amma mu duba sahun gaba a masallaci, mu faɗa wa kanmu gaskiya. Mu nawa ne ke taka ƙasa yanzu? Ɗan canji yana kan benci tun hantsi. Mai shago yana kan kujera, yaro ke miƙo masa kaya. Dillalin shanu daga gida sai mota, daga mota sai rumfa a kara. Tsakanin gida da masallaci ma, in ya ɗan yi nisa, sai a tsayar da okada. Ga shayi mai kauri da madara safe da dare, ga lemon kwalba a kan kowane cin abinci. Sanarwar da ake kawowa ofishin masallaci a karanta bayan salla, ta neman addu'a ko taimakon kuɗin asibiti, kun san abin da ya fi yawa a ciki: hawan jini, ciwon suga, shanyewar ɓarin jiki, kuma ba tsofaffi kaɗai ba. Hukumar Lafiya ta Duniya cewa ta yi baligi ya samu aƙalla minti 150 na motsa jiki a mako, irin tafiyar da ke sa numfashi ya ɗan ɗaga. In aka raba, rabin awa ne sau biyar. Jikan bafatake ne yau ake roƙo ya yi tafiyar rabin awa.

Sai dai in maganar lafiya ce kawai, zagaya filin ƙwallo ma ya wadatar, ba sai an je dutse ba. Akwai wani abin. Tafiyar neman abinci tana da idonta. Mai wankin takalmi ƙafafun mutane yake kallo. Mai talla fuskar mai saye yake karanta. Direba rami da ɗan sanda yake hange. Mutum sai ya yi shekara ashirin a Ibadan, ya san farashin komai, bai taɓa tsayawa ya kalli garin ba. Daga Sabo zuwa Oke Are ba wata tafiya ba ce, can ne hasumiyar Bower take tun 1936, in ka hau sai ga garin gaba ɗaya a ƙarƙashinka, jajayen rufin kwano har inda ido ya tsaya, tudu bayan tudu. A tambayi sahu guda a ga mutum nawa suka taɓa hawa. Hausawa sun ce baƙo makaho ne ko da idonsa. To wanda aka haifa a nan, ya yi aure a nan, ya binne mahaifinsa a nan, har yaushe zai ci gaba da makanta?

Malamai sun fi mu sani, amma ko ɗan makarantar allo ya ji wurare da dama da Alƙur'ani ya yi umarni a yi tafiya a bayan ƙasa a duba, a kalli duwatsu da sama da tsirrai a yi tunani. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, kafin aike yakan bar Makka ya hau dutse ya keɓe a kogon Hira. Alhazanmu kuwa, dattijon da a gida ba ya hawa bene sai an riƙe shi, in ya je can sai ka ji ya hau dutsen nan har ƙoli ya dawo yana ba da labari, alhali malamai sun gaya masa ba ya cikin aikin Hajji. Ashe ƙafar tana nan. Ra'ayinmu dai, abin da ke raba tafiya da yawo ba ribar da aka ƙirga a aljihu ba ce. Wanda ya fita ya bar salla ta wuce, ya bar gida ba cefane, ya je inda bai kamata ba, yawo ya yi ko da ya dawo da kuɗi. Wanda ya sauke nauyin da ke kansa, ya fita don jikinsa ya warware, zuciyarsa ta huta da lissafi, ya dawo yana tasbihi, ba mu ga inda za a kira shi ɗan gantali ba.

Yanzu ga inda maganar ta yi nauyi, kuma nan ne labarin mutanen can ya zama namu. A Fabrairun 2020, a jihar Jojiya, wani saurayi baƙar fata, Ahmaud Arbery, ya fita gudun motsa jiki a wata unguwa. Farare uku suka bi shi da mota suka ce ɓarawo suke zato, aka harbe shi. Kotu ta ɗaure su daga baya, amma shi ya tafi. Laifinsa an gan shi a inda ake ganin irinsa ba shi da abin yi. Mu da muke Kudu ba sai an fassara mana wannan ba. A nan kowa baƙar fata ne, sai dai hula da doguwar riga da harshe suna yin aikin da launin fata ke yi a can. Muna tune da Shasha a Fabrairun 2021. Muna tune da Uromi a Maris na 2025, cikin azumi, da aka tare motar mafarauta 'yan Arewa da suka taso daga Fatakwal za su gida Sallah, aka ce masu garkuwa da mutane ne, aka kashe mutum 16. Allah Ya jiƙansu. Bayan wannan, a ce Hausawa goma su shiga daji da jakunkuna a baya, in manomi ya hango su ya kira 'yan Amotekun, su ce masa shan iska suka fito? Wa zai yarda?

Saboda haka dattawan da ke cewa a zauna a unguwa, a kama sana'a, a rufa wa kai asiri, ba tsoro ne kawai ke magana a bakinsu ba. Sun ga abin da ba mu gani ba. Su ma masu gari ba duka ƙiyayya ce ba: an sace musu mutane a gonaki, an kashe wasu, tsoronsu na gaske ne ko da ya sauka a kan wanda bai ji ba bai gani ba.

Duk da haka zaman nan yana da farashi, kuma 'ya'yanmu ke biya. In ba a ganin Bahaushe sai a bakin geti yana gadi, ko a bayan tukubar tsire, ko a labarin an kama wasu a daji, to wannan ce kaɗai fuskar da maƙwabci zai san shi da ita. Yaron da ya taso yana jin kada ka wuce Mokola, kada ka je can, ba wurinmu ba ne, zai girma yana ganin ƙasar haihuwarsa kamar ɗakin haya. Abin da mutanen Ingila suka gane ke nan. Ba su ce kowa ya fita shi kaɗai ya gwada sa'arsa ba. Sun fita a taro, da rana, da iyali, da jagoran da ya san hanya, suka yi ta maimaitawa har ido ya fara sabawa.

Mu ma in za mu yi, ba daji za mu faɗa ba. Akwai wuraren da ke da ƙofa da mai karɓar kuɗi da jagora ɗan gari: lambun Agodi da ke nan kusa, dutsen Olumo a Abeokuta, dutsen Ado-Awaye a hanyar Iseyin mai tafki a bisa kansa, ruwan Erin-Ijesha a Osun, duwatsun Idanre a Ondo masu matakala sama da ɗari shida ga wanda ya ji ƙarfi. A tafi da katin ɗan ƙasa. Kada a ɗauki wuƙa, ko da ta yankan lemo ce, sandar nan ma a bar ta a gida. A sanar da mai unguwa kafin a tashi, in an isa a fara gaida baale. Mafi kyau duka, a gayyaci abokan cinikinmu Yarbawa, waɗanda muke bin juna bashi shekara da shekaru ba takarda amma ba mu taɓa zama mota ɗaya don nishaɗi ba.

Wani zai ce duwatsun nan da yawa akwai wuraren tsafi a kansu. Gaskiya ne, a Olumo akwai, masu kula da shi suna nan zaune. To Dala fa? A kansa Barbushe yake ganawa da Tsumburbura kafin Musulunci ya kafu a Kano, yau kuwa yara da manya hawa suke yi su kalli birni, ba wanda ya ce imaninsu ya taɓu. Ka wuce da sallama irin ta mutunci, kada ka ba da komai don neman tabarraki, kada ka yi izgili da abin mutane a gidansu. Wanda zuciyarsa ba ta natsu ba ya tambayi liman, ko ya zaɓi Agodi.

Saura iyayenmu mata, su ne ma suka fi kowa buƙata. Da yawansu daga ɗaki sai tsakar gida, tsakar gidan ma ta haya, mutum ashirin a kanta. Ciwon gwiwa da ƙiba da hawan jini sun fi kama su, ga kunya ba ta barin su faɗa. Wannan ba a wuyansu yake ba, a wuyan mazan yake. Lahadi da safe kasuwa ba ta cika da wuri, rana ba ta yi zafi ba. Gorar ruwa, dabino ko ƙuli-ƙuli a leda, takalmin da ba ya santsi, a fita bayan gari ya waye a dawo kafin azahar. Mai hawan jini ko ciwon zuciya ya fara jin ta bakin likita, kuma ya fara da shimfiɗaɗɗiyar hanya kafin matakala.

Wanda ke da magana a kan wannan, ta goyon baya ko ta suka, musamman dattawanmu da suka daɗe a garin nan, ofis a buɗe yake bayan la'asar. A rubuto ko a faɗa da baki, za mu sa a takardar mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.