Facin Wa Ya Halatta?

A hanyar Sabon Birni zuwa Isa, da burtalan da ke ratsa Gangara, babur shi ne jaki, shi ne kuma motar asibiti. Ƙusa ɗaya ta isa ta tsayar da shi. Sai a turo shi wurin mai faci, ya zare tub, ya ba shi iska, ya nutsa shi a ruwa har kumfa ta tona inda ya huje, ya kankare wurin, ya shafa gam, ya manna. Tambayata ita ce: idan mai babur ɗin ɗan bindiga ne, wane kaso na jinin da zai zubar ke wuyan mai faci?

Wannan ba tambayar raha ba ce a ƙasar Gobir. A kan babura aka afka wa ƙauyukan Sabon Birni a watan Mayun 2020. Da gwamnatin Sakkwato ta hana sayar da fetur a jarka a 2021, ta nuna cewa duk abin da ke tafiyar da babur yana iya tafiyar da ta'asa.

Malaman Malikiyya sun hana sayar da inabi ga wanda aka san giya zai yi da shi, da makami ga masu fitina. Sharaɗin dai shi ne sani. Taya kuwa ba ta faɗin inda za ta. Mai naɗe da rawani, fuska duk ƙura, yana iya zama manomin da matarsa ke naƙuda a gida. Ranar da mai faci ya fara ƙin aiki bisa zato, kama da harshe zai riƙa aunawa, kuma mun san a kan wa abin zai ƙare: Bafulatanin da shi ma an kore masa shanu.

Inda gizo ke saƙa shi ne ranar da babu sauran zato, ga bindiga a kafaɗa. An yi wa Ammar ɗan Yasir uzuri kan abin da ya furta cikin azaba, amma malamai sun haɗu a kan cewa tilas ba ta halatta kashe wani. Faci ba kisa ba ne, ko da yake yana kai mai kisa inda ya nufa. Duk da haka ban ga laifin wanda ya manna roba a gaban bakin bindiga ba. In ya ƙi, za a harbe shi, a tura babur ɗin zuwa rumfar gaba. Mai hukunta shi daga inuwar birnin Sakkwato ya fara zuwa ya kwana a Gangara.

Laifi yana somawa ne inda tsoro ya ƙare: mai facin da ke ajiye musu sababbin tub, yana bin su daji don ladansu ya fi tsoka, yana tsegunta musu wanda ya sayar da sa ranar kasuwa. Kuɗin da aka jefa wa na farkon kuwa, in ni ne, ba zan auno wa iyalina gero da su ba. Akwai zawarawa a garin, kuma wataƙila daga aljihun mazansu kuɗin suka fito.