Kyautar Tilas: Wa Ya Cancanci Godiya?

Idan mutum ya yi alheri domin an ɗaure masa hannu, shin ya cancanci yabo? Tarihin Unix, manhajar da ke tafiyar da kwamfuta, ya ba mu abin aunawa.

A shekarar 1956 kamfanin AT&T, wanda ya mamaye harkar wayar tarho a Amurka, ya sasanta da gwamnati a ƙarar da ta kai shi kan danne abokan gasa. An bar masa kasuwarsa bisa sharaɗi biyu: kada ya shiga wata sana'a ban da sadarwa, kuma ya ba mai nema lasisin amfani da abubuwan da ya ƙirƙira. Da Ken Thompson da Dennis Ritchie suka fara gina Unix a cibiyar bincikensa ta Bell Labs a 1969, sai kamfanin ya wayi gari da haja mai daraja wadda doka ta hana shi kasa ta a kasuwa. Saboda haka ya riƙa ba jami'o'i ita a kan kuɗi ƙalilan, haɗe da ainihin rubutun da aka gina ta da shi. Ɗalibai suka karanta, suka gyara, suka ƙara. A Ostireliya, malami John Lions ya rubuta mata sharhi layi bayan layi domin ɗalibansa.

Amma da darajarta ta bayyana, sai lasisin 1979 ya hana koyar da rubutun a aji. Da aka rarraba kamfanin a 1984, takunkumin ya sassauta, Unix ta zama haja sosai, har a 1992 reshen kamfanin ya shigar da ƙara kan nau'in da ya tsiro daga Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley. Ashe hali zanen dutse ne, sai an kwance igiya ake karanta shi.

Wannan bai rage amfanin kyautar ba, domin alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza: daga wannan ilimi Minix ta fito a 1987, ita kuma ta share wa Linux hanya a 1991. Sai dai godiyar ta masu binciken ce, da malaman da suka yaɗa ilimin, da waɗanda suka gindaya sharaɗin tun farko. Al'ummar da ta zauna jiran tausayin mai ƙarfi ta ba kura ajiyar nama. Abin da ya kamace ta shi ne ta kafa masa iyaka, yadda ko bai so ba, jama'a za su amfana.